Mutumin da Bai Manta Komai Ba

Ana gab da sabunta masa lasisin tuƙin jirgin sama, matashin matuƙin ya jawo tsohon littafinsa na ilimin yanayi daga ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe ƙura, ya buɗe. Da hannunsa ya ja layi a ƙarƙashin jimlolin nan, amma yanzu kallonsa suke yi kamar baƙi.

Ba shi kaɗai ba ne. Haka abokan aikinsa suke, an ci jarrabawa, an yi murna, an tura littattafai inda ba a gani. Na'ura ke lissafin mai, ita ke auna iska, matuƙi sai dai ya danna. To, mai jarrabawar bana ta yi suna wajen tambayar baka, kuma duk wanda ya faɗi, za a sauke shi daga tuƙi sai ranar da ya sake zama ya ci.

Matarsa ce ta tuna masa da tsohon da ke hawan ƙasa na benensu, wanda kowa a layin ke kira Baba Kyaftin.

Ya sauka ya yi sallama, wata ranar Talata ce ko Laraba, da la'asar dai. Taswirori sun rufe bangon falon. Ga takardar shaida a gilashi, mai nuna cewa tsohon ne ya zo na ɗaya a ajinsu. A bayan ƙofa an rataye rigar matuƙa cikin leda, fara fes, ko wuyanta bai dushe ba. Amma faifan lissafin da ke kan tebur, irin wanda ake juyawa da yatsa, har lambobinsa sun goge don amfani.

Tsohon bai ɓata lokaci ba. "Ka bar inda iska ke da nauyi, ka shiga inda ta yi sauƙi, ba ka gyara ma'aunin tsayi ba. Kana sama da abin da allura ta nuna, ko ƙasa?"

Matashin ya sosa ƙeya.

"Ƙasa kake, ɗana, kuma dutse ba ya duba allurarka. Mutum nawa kake ɗauka?"

"Sun fi ɗari, Baba."

"Lallai suna da ƙarfin hali."

Daga ranar kullum yana sauka. Tsohon ba ya buɗe littafi. Da ka yake zubo sunayen gizagizai, da yadda ƙanƙara ke kama fiffike, da dalilin da ya sa jirgi ke cin doguwar hanya kafin ya tashi a ranar zafi. Matarsa, Mama, takan ajiye musu ruwa ta wuce tana ɗan murmushi.

Sai dai kowane darasi da wata irin tambaya yake ƙarewa, wadda babu ita a littafi. Idan ka kutsa cikin gajimare, me kake ji a cikinka? Idan rana ta fito kana bisa hadari, wane launi take? Matashin ya kwatanta iya ƙoƙarinsa. Tsohon ya lumshe ido ya saurara, ba ya cewa daidai ne, ba ya cewa kuskure ne. Matashin ya ɗauka haka manyan malamai ke gwada mutum.

A tsakani tsohon ya je duba 'yarsu da ke aure a gari mai nisa, ya dawo a motar haya ƙafafu a kumbure. Matashin ya ce a ransa, wanda ya ƙoshi da sama ne kaɗai zai yi marmarin hanya.

"Baba, yaya aka yi duk shekarun nan ba ka manta komai ba?"

"Babu abin da ya zo ya ture shi," in ji tsohon.

Ranar jarrabawa, tambayar allura da dutse aka fara jefo masa. Ya amsa ba tare da ya ƙifta ido ba, sauran ma suka biyo baya. Ya fito da lasisinsa.

Ya daɗe yana tunanin tukuicin da ya dace. A ƙarshe ya sauko da tikiti, kujera kusa da taga, zuwa garin da 'yar tsohon take, a jirgin da shi kansa zai tuƙa. "Ka zo ka ga ɗalibinka, Baba, in na yi kuskure ka ja mini kunne."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a kan tebur. Ya ce bari ya ɗauko tabarau, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Bai sake fitowa ba.

Mama ta ɗauki tikitin daga kan tebur, ta mayar wa matashin a tafin hannu a hankali.

"Allah Ya yi albarka, ɗana, amma riƙe abinka. Jarrabawar takarda duk Babanka ya cinye, sai dai ranar da za a fara tashi da 'yan ajinsu, a bakin matakalar jirgin ya juyo gida, har yau ƙafarsa ba ta taɓa shiga jirgi ba."