Kazar Umma

Maigidan ya tsotse ƙashin cinyar tas, ya ajiye a gefen faranti, ya lashe yatsa, sannan ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"Ta yi daɗi, sannu da ƙoƙari. Amma ba kamar ta Umma ba."

Shekara huɗu ke nan Amarya tana shan wannan magana. Ta haifi biyu, sunan amarcin ya ƙi barinta, soyayyar kazarta kuma ta ƙi kamo ƙafar ta surukarta. Ta jiƙa naman da madara, ta jiƙa da lemon tsami, ta sauya kasko sau uku. Bayan hannunta duk tabon mai ne. Ita da ke samun jijiyar jariri da allura ɗaya a asibiti, a ce kaza ta gagare ta? Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ta roƙi Umma ta koya mata. Umma ta shafa hannayenta masu santsi, ta ce sirri ne, ko 'ya'yan cikinta ba su sani ba. Ranar da za ta yi kaza, sai kowa ya bar mata gidan. Kayan ƙamshi ma da kanta take zuwa sayowa da babbar jakarta, don ba ta yarda da zaɓin kowa ba. Haka ta raini ɗanta da tsantseni: ko ƙofar shagon abinci ba ya kallo, domin tun yana ƙarami ta gaya masa abincin waje ƙazanta ne.

Wata Laraba ruwan sama ya tare Amarya a hanyar dawowa daga aiki. Ta faɗa wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai walda da mai gyaran waya, layi uku daga gidansu. Benci ɗaya ne a ciki, da tebur mai gurguwar ƙafa an tokare da kwali. A bango an zana kaza mai kama da agwagwa, ƙarƙashinta wani tsohon rubutu na cewa ba a buɗewa ran Litinin. Baba Mai Kasko, wanda ya shekara talatin a bayan kantar nan, yana juya cinyoyi cikin mai.

Kunyar zaman banza ta sa ta sayi cinya ɗaya. Ta gatsa, ɓawon ya yi ƙaras, wani ɗan yaji ya biyo baya a hankali. Ta daina tauna. Ta sake gatsa. Kafin ruwa ya ɗauke ta cinye uku, kuma Shaiɗan ya gama yi mata huɗuba.

Washegari ta dawo da tukunyarta a ɓoye cikin jaka, tana waige-waige kamar ɓarauniya. Baba ya karɓa bai tambaye ta dalili ba.

"Ta gida ce, 'yata? In ƙona gefen guda ɗaya?"

Ta gyaɗa kai, tana mamakin basirar tsohon.

Da maigidan ya ci, sai idanunsa suka kawo ruwa. "Ita ce! Wallahi ita ce! Har da guda ɗaya mai ƙunan nan!" Daɗin yabon bai gama ratsa Amarya ba ta ji yana waya: Umma ta zo ran Asabar ta ɗanɗana da bakinta.

Kwana biyu Amarya ba ta da sukuni. Miji dai a yaudare shi, amma mai sirrin da kanta? Loma ɗaya za ta gane kazar kasuwa ce, daga nan kuma labari ya zaga dangi kaf, har jikoki su tashi su ji.

Ran Asabar ta ɗauko kazar tun da hantsi. Ta ɗora mai a wuta don gida ya yi ƙamshi, ta barbaɗa fulawa a kan kanta da gaban rigarta, ta jera kaskon nan uku a wurin wanke-wanke.

Umma ta zauna, ta ɗauki fiffike, ta juya shi sama da ƙasa. Ta gano mai ƙunan, ta daɗe tana kallonsa. Ta kai baki ta tauna a hankali, sannan ta ɗago ta zuba wa Amarya ido har zufa ta karyo mata.

"Hannunki ya faɗa, 'yar nan," ta ce, muryarta can ƙasa.

Maigidan kuwa baki har kunne. Ya ce shekara nawa yana cika wa abokan aikinsa baki da kazar Umma, yanzu ga ta ta zama biyu a gida ɗaya. Ya riga ya gayyato ogansa da mutum goma, har da matansu masu son koyo. Shi zai sayo kajin, su biyun kuma su soya a tsakar gida, kowa yana gani. Jibi Litinin.

Amarya ta miƙe tsaye. Ta ga ba sauran mafita, gara ta tona kanta yau a gaban mutum biyu da ta tozarta jibi a gaban ashirin. Ta goge hannu a zani, ta buɗe baki.

Kafin ta furta, cokalin Umma ya faɗi ƙasa, tsohuwar ta harari ɗanta.

"Litinin? Kai ma dai da wauta! Ai Baba Mai Kasko ba ya buɗewa ran Litinin."