Agogon Pago Pago

Tun da na dawo garinmu Apia daga birnin Pago Pago, kwamfutata take bin agogon can, wanda ke bayanmu da kwana guda. Ran Alhamis na roƙi Leitu mai gyaran kwamfuta aron tsani, ran Juma'a na roƙe ta aure. Saƙonta ya shigo da kwanan Alhamis: "Na amince." Na je na saɓo tsani, na koma gida ina jiran amsar aure har na yi fushi.

Yau na kai mata kwamfutar gyara. Ta saita agogon, Alhamis ɗin saƙon ta koma Juma'a. Na kalli saƙon, na kalle ta.

"Leitu, amincewar tana nan kuwa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Je ka ga babana yau, Tavita. Yau ɗin mutane, ba naka ba."