Ƙarfen Totur

Tun da hantsi Mai Haɗi yake tsaye a bakin teburinsa, yana goga wani ɗan ƙarfe da magagari. Ƙarfen bai wuce tsawon yatsa ba. Ya goga, ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya duba, ya sake gogawa. Ya sallami kowa daga garejin, ya ce yau babu aiki.

Ba a banza ake ce masa Mai Haɗi ba. Shi ne mai ɗauko gindin injin tsohuwar mota, irin mai nauyin nan da ba ya jin wuta, ya ɗora masa kan injin zamani, ya zaunar da su lafiya. Ramukan noti ba su dace ba? Ya huda sababbi. Hanyar baƙin mai ta kauce? Ya yanka gaskit da hannunsa. Samari masu tsere su turo masa akwala, su fita da abin da ke tayar da unguwa. Shi kuma, da yake ba ya rasa bakin magana, yakan ce tsohon ƙarfe da sabo ba gaba suke yi ba, mai shiga tsakani suka rasa.

Wuri ɗaya ne ba sa jituwa ko kusa, wato totur. Tsohuwar mota da waya take jan mai, sabon kan inji kuwa lantarki ne ke buɗe masa baki. Sai Mai Haɗi ya cire na lantarkin, ya ƙera ɗan ƙarfe da zai haɗa wayar da bakin. Ka taka ya buɗe, ka ɗaga ƙafa ya koma. In ya maƙale a buɗe, to sai dai wani ikon Allah.

Irinsa ya sa wa motar Auta, ɗansa.

Auta ya daki ginshiƙin gada a miƙaƙƙiyar hanya, da rana tsaka, shi kaɗai, ba ma ranar tsere ba. Ko zanen taya babu a kwalta. Aka ce gudun ne bai ba shi zarafin taka birki ba. Kafin a binne shi magana ta gama gari: totur ne ya maƙale, haɗin ubansa ne ya ci shi. Waɗanda suka fi kowa yabon hannun Mai Haɗi su ne suka fara janye motocinsu.

Wannan duk bai dame shi ba. Matarsa ce damuwarsa. Ba ta yi masa ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta koma ɗakin Auta da zama, tana ba duk mai shigowa labarin irin natsuwar da yaron ya yi a ƙarshe: ya rage surutu, ya rage fita, ranar hatsarin ma ya daɗe zaune a gefenta, har ya ce ta yafe masa fitinar da ya yi mata. "Ashe Allah ne ya sa shi ban kwana," in ji ta. Da wannan take samun barci.

Magana ɗaya ta yi wa mijin. "Ka buɗe injin nan a gaban Yaya. In ba aikinka ba ne, zan zauna. In aikinka ne, Baban Auta, ba zan iya ci gaba da kallon hannuwan nan ba."

Yayan nata tsohon direban manyan motoci ne, ba a yi masa wayo da inji. Jiya aka jawo gawar motar zuwa garejin. Mai Haɗi ya rufe ƙofa ya daɗe a kanta. Yana son matarsa kamar ransa, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Da rana ta karkata suka iso, ita da Yaya. Ta tsaya nesa da motar, ta kasa ɗaga ido. Yaya ya naɗe hannun riga ya leƙa cikin injin, ya bi wayar totur da yatsa har zuwa ɗan ƙarfen. Ya ja ta, bakin ya buɗe. Ya saki, bai koma ba. Ya sake ja, ya sake saki. Yana nan wangame.

"Ka gani da idonka?" in ji Yaya.

"Na gani, Yaya. Gefen ne ban goge sosai ba. Aikina ne."

Sai a lokacin ta dube shi. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba," sai kuka ya ci ƙarfinta. Yaya ya riƙe ta suka fita. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce gobe zai turo a kwashe kayanta, kuma in Mai Haɗi yana da sauran kunya, kada ya ƙara taɓa motar ɗan kowa.

Mai Haɗi ya tsaya har ƙarar motarsu ta ɓace. Bai yi nadama ba. Za ta tsane shi har ta mutu, kuma za ta ci gaba da yi wa ɗanta addu'a da zuciya ɗaya.

Ya kwance ƙarfen da ya ƙera da safe ya jefa cikin tarkace. Ya zaro na ainihin daga aljihu, wanda ya ciro daga injin jiya, ya mayar da shi mazauninsa. Ya ja waya ya saki, ya koma sumul, kamar yadda ya yi ta komawa jiya har hannunsa ya gaji. Babu abin da ya maƙale a ranar nan. Auta ne da gangan bai ɗaga ƙafarsa ba.