Abin da Wayar Adnan Ta Tona

A ƙofar wani gidan tarihi a ƙasar wajen da suke zaune, Adnan ya miƙa wa budurwarsa Hadiyya wayarsa ta yi masa rajistar korona a manhajar da ke adana duk inda mutum ya shiga. Ita ta zaɓi wurin don ba cunkoso, tunda wata uku ke nan da cutar ta ɗauke mahaifinta.

Sai manhajar ta nuna ranar Asabar ya shiga casun 'yan Karibiyan a unguwar Bukit Bintang.

"Ka rantse min kana ɗaki!" Hadiyya ta nuna masa wayar. "Washegari ka zo gidanmu a Cheras ka zauna kusa da Iya, da ciwon asmarta?"

"Kallo kawai na yi, wallahi. Da takunkumina."

Ta dangwara masa wayar. "Kada ka turo manyanka. Ƙasar nan ta cinye min uba, ba zan ba ta uwa ba."