Ƙugiyar da Baba Ya Gwada da Ni

Babana maƙeri ne a Gashuwa. Wata rana da la'asar wani mai haƙar rijiya daga Kumagannam ya zo karɓar ƙugiyar da ya sa a ƙera masa, irin mai harshen nan da ke rufe kansa don kada igiya ta zame. Ya jujjuya ta, ya ce, "Da wannan fa zan shiga rami. Ka tabbata?"

Baba ya kira ni, ya ɗaura mini majanyin Inna a ƙirji, ya sa wa ƙugiyar igiya, ya maƙala ta a majanyin, na ji ta ce ƙas. Kafin in ankara ina reto a cikin rijiyar gidanmu, ina hango fuskata can ƙasa a ruwa. Ko kuka na kasa.

"Abin da ba zai riƙe 'yata ba, ba na ba ɗan wani," in ji Baba.

Yau ni ma ina da 'ya'ya, kuma ban san ko na yafe masa ba. Amma ina tuna cewa da aka fito da ni, baƙon ne ya cire mini ƙugiyar, yana salati. Baba, da ya ƙera ta da hannunsa, ya kasa danna harshen.