Indararon Baba

Da hannunsa Baba ya kwance lambar motar.

Shekara biyu ke nan da yaƙi ya koro mu Gadarif a cikin wannan a-kori-kurar, bai taɓa yarda a taɓa lambarta ta Khartum ba. "Gaggawar me? Gobe-jibi za mu koma," in ji shi kullum.

Sai na samu jami'a a Kassala, Baba ya ce in tafi da motar. A ofishin murur, na 'yan sandan hanya, aka ce lasisina lafiya lau, amma motar ba za ta bi ni ba sai an yi mata rajista da sunana a nan inda muke zaune.

"Yaba, bar ta, zan hau bas," na ce wa Baba.

"Ya bitti, 'yata, miƙo min sukundireba."

Da damina na dawo hutu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ga ɗakin bulo inda bukkarmu take a da, ga Baba a ƙofa yana kurɓar shayi. Na ɗaga kai. Tsohuwar lambar ce ya lanƙwasa ya yi indararo, ruwa na bin ta yana zuba a gindin dashen lemo.

"Shekara huɗu zai fara 'ya'ya," ya ce. "Daidai gama karatunki."