Tankin Bayan Ɗaki

Tankin ya sake tumbatsa tun kafin Inna ta sauke tukunya. Ta ɗingisa ta kashe injin jan ruwa, amma bangon ɗakin marigayi mijinta ya riga ya jiƙe sharkaf, tsagar jikinsa ta ƙara buɗe baki. In ruwan bai tsaya ba, ɗakin zai zube, kuma shi kaɗai ya rage mata da ƙanshin Malam.

Shekara da shekaru tankin nan bai taɓa zuba ba. Da gwiwarta ta fara ciwo, Malam ya ɗaura masa na'urar da ke kashe injin in ruwa ya cika, ya ce ta huta da zirga-zirga. Shi kam ba ya rabuwa da bayan ɗakin, wai duba tantabarunsa. Ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ya fita.

Mai gyaran famfo ya ce bututu ne, ya canza bututu. Mai gyaran wuta ya tsaya a mita, ya ce wutar ce ke rawa. Magini ya ƙwanƙwasa bango, ya ce tun tushe aka yi ha'inci. Ruwa bai fasa zuba ba. Inna ta kasa zama wuri ɗaya, ko salla take kunnenta na bayan ɗaki.

Sai ga Auta, 'yarta da ta karanci injiniya. Ta saurari abin da kowa ya faɗa, ta leƙa ƙarƙashin tanki, ta hau samansa.

"Sauko kar ki karye, wa zai aure ki da ƙafa ɗaya?"

"Mai rabo, Inna. Yaushe abin ya fara?"

"Ina na sani? Muna cikin karɓar gaisuwa na fara jin zubarsa."

Auta ta kama wayar na'urar ta bi ta da hannu, daga bakin tanki, ta jikin bango, ta bayan akurki, har akwatin makunni. Ta kwance murfin. Ta daɗe a tsugune.

"Ta lalace ko?" in ji Inna.

Auta ta matsa gefe don ta gani. Bakin wayar na lilo, ya yi tsatsar shekaru, ba a haɗe da komai ba, makunnin kuwa ya suɗe ya yi ƙyalli daidai faɗin babban yatsan Malam.